Tambaya da Amsa: Shin Kachalla Za Ta Iya Zama Jirgin Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Nguru a Jihar Yobe, ina da sha'awar shiga lungunan fadama domin kallon tsuntsaye da kama ɗan kifin miya, sai dai ba ni da halin sayen kwalekwalen katako. Wani dattijo da ya yi zaman su a Baga ya taɓa ba ni labarin cewa mutanen tsibiran Tafkin Chadi suna ɗaure ciyawa ta zama jirgi, har su ɗora kaya su yi tafiya mai nisa a kansa. To mu ga kachalla nan ta cinye mana ruwa, ta hana noma ta hana su. Shin za ta iya yin wannan aikin? Idan za ta iya, yaya ake haɗawa, kuma zan iya tafiyar kwana uku ko huɗu da shi cikin daji? Daga wani mai karatu a Nguru.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Dattijon nan gaskiya ya gaya maka. Mutanen da yake nufi su ne Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, kuma jirgin nasu ana ce masa kadai. Da ciyawar fafirus suke ɗaure shi, wata doguwar ciyawar ruwa mai kara mai kusurwa uku da tuntu a ka, wadda kan kai tsawon mita huɗu zuwa biyar. Goshin kadai siriri ne mai lanƙwasa sama, bayansa kuwa yanke shi ake yi ya zama gundul. Ba su kaɗai ke da wannan sana'ar ba, domin a Tafkin Tana na ƙasar Habasha har gobe masunta suna hawa irinsa, suna kiransa tankwa, haka nan a Tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya ana yin sa da wata ciyawa mai suna totora. Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne mutanen Mawori na kudancin ƙasar New Zealand, waɗanda suka daɗe suna gangara koguna a kan jirgin da suke kira mokihi, alhali ciyawar da suke ɗaure shi da ita 'yar gida ɗaya ce da kachallarku. Saboda haka amsar kashi na farko ita ce e, kachalla tana yin jirgi.

Kafin ka ɗauki lauje, akwai abu guda da nake so ka riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Kwalekwalen katako, tun daga na Dufuna da aka gano a jiharku a 1987, wanda masana suka ce ya kai shekara dubu takwas, har zuwa wanda kafinta zai buga maka yau, yana tsayawa a kan ruwa ne saboda jikinsa ya hana ruwa shiga cikinsa. Ranar da ya huje kuwa sai a kama kwarfar ruwa. Jirgin ciyawa ba shi da cikin da ruwa zai cika. Ruwa yana ratsa shi ya shiga ya fita yadda ya ga dama, abin da ke ɗauke da kai shi ne iskar da ke kulle a cikin kowane ganye da kowane kara. Ka tsinko ganyen kachalla guda ka tsaga shi da farce, za ka ga cikinsa fari ne, an raba shi ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, yana da taushi irin na totuwar karan dawa. Waɗannan ɗakunan su ne jirginka. Muddin iska ce a cikinsu, ko dutse ka buga ba za ka nutse ba, amma daga ranar da ka sa shi a ruwa ɗakunan za su fara sha kaɗan-kaɗan ta wuraren da aka yanka, jirgin yana ƙara nauyi yana ƙara zama cikin ruwa. Wato abu ne mai ƙayyadadden kwana, kuma aikin mai ɗaure shi duka bai wuce abu biyu ba: ya busar da ciyawar da kyau, ya kuma matse ta da igiya matsewar da ruwa zai sha wahalar samun hanya.

Lokacin yanka da ya fi dacewa a yankinku shi ne bayan ɗaukewar damina, sa'ad da ciyawar ta gama girma amma ba ta mutu a tsaye ta fara ruɓewa ba, ga kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa za ta taya ka shanya. Ka zaɓi dogaye, masu mita biyu zuwa uku, ka yanke su can ƙasa kusa da gindi inda ganyen ya fi kauri. Waɗanda suka fitar da kai mai kama da zangarniyar gero ka ware su gefe, domin karansu ya yi tauri, iskar cikinsa kaɗan ce, sai dai a cusa su tsakiyar dami su ƙara masa ƙarfi. Ka baza abin da ka yanka a busasshen wuri, kada ka tara shi tsibi guda ya yi zafi ya yi fumfuna, kana juya shi duk bayan kwana biyu har mako biyu zuwa uku. Za ka gane ya yi idan launinsa ya koma ruwan ƙasa mai haske, ka ɗauki runguma guda ka ji ba nauyi, ka matsa ganye da yatsa ya koma yadda yake. Idan yana karyewa ƙaras-ƙaras to ya bushe da yawa, sai ka yayyafa masa ruwa da yamma ka ɗaure da safe, kamar yadda masu saƙar kaba suke yi. Batun lokacin yanka ba ƙaramin abu ba ne. Sa'ad da Thor Heyerdahl, wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, ya je kudancin Iraƙi a 1977 domin ɗaure babban jirgin ciyawa mai suna Tigris, Larabawan fadamar can sun gaya masa lallai a watan Agusta za a yanka ciyawar idan ana so ta daɗe ba ta sha ruwa ba, ya kuwa bi maganarsu, jirgin ya yi watanni a teku. Kai ba watan za ka kwaikwaya ba, tunda yanayinsu daban ne da naku. Abin koyi shi ne ka tambayi tsofaffin da suka saba yankan kachalla don rufin ɗaki da shinge, su suka san lokacin da ta fi ƙarko.

Yawan ciyawar kuwa lissafi ne mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma abu yana ɗaukar nauyi ne daidai da nauyin ruwan da ya ture. Idan kai da kayanka kun kai kilo ɗari, kada ka yi jirgin da zai ɗauki kilo ɗari cif, domin tsakanin ganye da ganye ruwa ne zai zauna, ga nauyin ciyawar kanta, ga kuma shan ruwan da za ta yi kullum. Shawarata ita ce manyan damma biyu, kowanne tsawon mita huɗu, kaurin tsakiyarsa kamar santimita arba'in bayan an matse, wato wanda da ƙyar hannuwanka biyu za su zagaye. Ciyawar da za ta ba ka wannan ta fi yadda ido ke zato nesa ba kusa ba, domin tulin da ka ga ya kai ƙugu idan igiya ta shige shi ba zai kai gwiwa ba. Ka yanki ninkin abin da kake tsammani.

Yanzu ga ɗauri, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, ka nemi abokai biyu. Ku shimfiɗa gajerun igiyoyi a ƙasa a gicciye, taƙi biyu tsakanin kowace da 'yar'uwarta, sannan ku riƙa jera ciyawar a kansu runguma-runguma. Tunda ganye ɗaya ba zai kai mita huɗu ba, dole a yi haɗi, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke ɓata aiki. Kada gindin ciyawar ya taru wuri ɗaya. Ku saɓa shi yadda magini yake saɓa bulo don kada gaɓa ta hau kan gaɓa, kaurin gindi ya fuskanci tsakiya, siraran kawuna su fuskanci goshi, ta yadda damin zai fito da ciki a tsakiya ya tsuke a gaba da kansa. Gindin da aka yanka a tura shi cikin dami a ɓoye shi, tunda ta nan ruwa yake shiga. Idan kun sami doguwar gwangwala busasshiya ku binne ta a tsakiyar kowane dami, za ta hana shi lotsawa a inda za ka zauna. Daga nan sai matsewa: mutum ɗaya ya taka damin da ƙafa, ɗaya ya ja igiya, na uku yana dukan damin da taɓarya a hankali yana zagayawa, a sake ja, a sake duka, har sai ka danna babban yatsanka ka ji ya ƙi shiga. Damin da yatsa ke nutsewa a cikinsa bai ɗauru ba, ko da ya yi kyau a ido.

Wajen haɗa damman biyu, hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta mutanen Aimara na Tafkin Titikaka. Suna yin ƙaramin dami na uku, siriri, su sa shi tsakanin manyan biyun. Sai su ɗauki doguwar igiya guda su naɗe babban damin dama tare da ƙaramin, suna murɗawa daga goshi har baya ba tare da yankewa ba, su ɗauki wata igiyar su naɗe babban damin hagu tare da ƙaramin nan dai. Kowace igiya dami biyu take riƙe da su, ba uku ba. Idan aka yi ta jan igiyoyin biyu bi da bi, manyan damman za su matso juna har ƙaramin ya ɓace a tsakaninsu, jirgin ya zama dunƙule guda mai ɗan kwari a sama inda za ka zauna da wani a ƙasa da ke taimaka masa tafiya sak. Tazarar naɗin kada ta wuce taƙi ɗaya. Ka tanadi igiya kamar mita 150, gara ta ragu da ta gaza. Igiyar rama ko ta kaba tana kama ciyawa da kyau kuma tana ƙara tsukewa idan ta jiƙe, sai dai tana ruɓewa. Ta roba ba ta ruɓewa amma tana da santsi, ƙullinta yana kwancewa, kuma idan siririya ce tana yanka ganyen. Don jirgin da ba zai wuce kaka ɗaya ba, ni ta rama zan zaɓa. Bayan haka sai a ɗaura ƙananan damma biyu masu kaurin cinya a gefe da gefe ta sama, su tare kaya kada su zame, su kuma rage fantsamar ruwa. Goshin a jiƙa shi, a ɗaga shi a kan turmi, a ɗaure bakinsa da igiya a jawo ta a ɗaure a jikin jirgin, a bar shi ya bushe a haka. Bayan kuwa a yanke shi da adda mai kaifi kamar na Buduma, a yi masa naɗi biyu kusa da kusa.

Wannan igiyar da ke riƙe da goshi kada ka raina ta, kuma akwai tarihin da ya sa na faɗi haka. A 1969 Heyerdahl ɗin nan ya ɗauko maɗaura jirgi daga garin Bol na bakin Tafkin Chadi ya kai su Masar, aka kawo musu fafirus daga Tafkin Tana, suka ɗaure jirgi mai tsawon mita 15 a kusa da dalar Giza, aka sa masa suna Ra. Mutum bakwai suka hau shi daga Safi ta ƙasar Maroko a watan Mayu suka nufi yamma cikin Tekun Atlantika, cikinsu har da wani ɗan Chadi mai suna Abdullahi Jibrin. An yi wa jirgin baya mai lanƙwasa sama irin na zanen Misirawan da, abin da kadai ba shi da shi, amma ba a bar masa igiyar da zanen ya nuna tana ɗaure bayan da jikin jirgin ba. Sannu a hankali bayan ya sunkuya cikin ruwa, igiyoyin ɗauri suka riƙa tsinkewa, bayan tafiyar kusan kilomita dubu biyar dole suka bar shi a teku ba su kai gaci ba. Shekarar da ta biyo baya aka kawo Aimara suka ɗaure Ra na biyu, mai mita 12, da irin naɗin da na bayyana maka, ya tashi daga Safi ranar 17 ga Mayu 1970 ya isa tsibirin Barbados ranar 12 ga Yuli, kwana 57. Fafirus ne a duka biyun, wato bambancin ba daga ciyawar yake ba. Ba na ganin laifin mutanen Bol a wannan, domin an sa su yin siffar da ba tasu ba don ruwan da ba nasu ba, kuma duk da haka aikin hannunsu ya ratsa mafi yawan tekun.

Idan ka gama, kada ka ɗora kaya ka kama hanya. Ka sa shi a ruwan da bai wuce ƙugu ba, ka ɗora masa buhunan yashi daidai nauyinka da na kayanka, ka ƙulla tsumma a inda ruwa ya tsaya a jikinsa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka duba inda ruwan ya kai. Idan ya hau da faɗin yatsa biyu ko uku, aikinka ya yi. Idan ya kusa shafe manyan damman, ko dai ciyawar ba ta bushe ba ko ɗaurin ya yi sako-sako, sai a warware a sake. Bayan jiƙewar farko, idan jirgin ya tsane, igiya takan saki, don haka ka bi ta ka ƙara ja. Ka koyi zama a kansa a durƙushe ko a zaune ƙasa-ƙasa, ka kuma kifar da shi da gangan sau biyu ko uku a wuri mara zurfi domin ka san yadda ake komawa kansa. A fadama irin taku doguwar sanda ta fi filafili amfani, ko da yake yana da kyau ka riƙe duka biyun.

Game da tafiyar kwana uku ko huɗu, jirgin zai iya, da sharaɗin ba zai kwana a ruwa ba. Masuntan Wancako a gaɓar tekun Peru, da zarar sun dawo daga su, sukan jingine jiragensu na totora a tsaye su tsane, kuma duk da haka ba sa daɗewa suke sake sababbi. Kai ma duk inda ka yada zango ka jawo shi tudu, ka jingine shi goshi sama ruwan ya zube ta baya, nesa da wutar girkinka, kuma kada ka bar shi kwance a ƙasa kwana da kwanaki gara ta same shi. Kada ka sa ran kachalla za ta yi ƙarkon fafirus mai kauri. Ka ɗauke shi abin 'yan makonni. Garinka da ashana da waya ka zuba su a jarka mai murfi ka ɗaure ta a jikin jirgin, ka ƙara jarkoki biyu marasa komai a gefe, domin ranar da ciyawar ta sha ruwa fiye da zato su za su kai ka bakin gaɓa. Rigar kariya daga nutsewa wajibi ce ko ka iya iyo.

Abin da ya fi damuna a tafiyarka ma ba jirgin ba ne, ita kanta fadamar ce. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke sauka a Kogin Haɗeja, ya zama akwai wuraren da ba sa bushewa duk shekara, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, har wanda ya san wurin shekarun baya yana iya ɓacewa a yau. Idan ka shiga tsakiyarta ta fi ka tsawo, ba ka ganin gari ba ka ganin bishiya, kowace hanya kamar 'yar'uwarta, ga sauro ga macizai, ga ruwan kwance mai sa tsargiya. Don haka tafiyarka ta farko ta zama ta yini ɗaya, tare da masuncin da ya san wurin, ka sanar da sarkin ruwan yankin da mutanen gidanku inda ka nufa da ranar dawowarka. Idan wajen Dagona kake so ka je kallon tsuntsaye, ka tuna wuri ne da ke ƙarƙashin hukumar gandun daji, sai da izinin ma'aikatanta. Tsibiran Tafkin Chadi kuwa, inda asalin wannan sana'a take, ina roƙonka kada ka nufe su a halin rashin tsaron da ake ciki.

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne a kusa da Diffa a Jamhuriyar Nijar. Muna yara mukan ɗaure karan dawa mu hau a tafki. Idan na yi babba na naɗe shi da leda don kada ya jiƙe, zan iya ƙetare kogin Komadugu da shi lokacin cikar ruwa in kai iyalina da kaya kasuwa? Daga wani mai karatu a Diffa.

AMSA: Malam, Allah ya ba da amfanin gona. Karan dawa busasshe yana yawo a kan ruwa saboda totuwarsa, amma yana saurin sha, yana da gaɓoɓi masu karyewa, kuma ba ya matsuwa ya zama dunƙule kamar ciyawar ruwa, don haka iyakarsa ɗan fito na sa'a ɗaya ko biyu a ruwa mai kwanciya. Leda kuwa ba za ta taimake ka ba. Ƙaya ɗaya ta isa ta huda ta, ruwan da ya shiga ba zai sami hanyar fita ba, karan ya ruɓe a ciki kai ba ka gani, ga santsin da za ta yi wa mai zama a kai. Maganar ɗaukar iyali a lokacin cikar ruwa kuwa, ban yarda da ita ba ko da jirgin na kachalla ne mai kyakkyawan ɗauri. Jirgin ciyawa yana da nauyin juyawa, ruwa mai gudu yana kama shi ta gefe ya tafi da shi, kuma idan ya maƙale a reshen da ke ƙarƙashin ruwa igiyar ce za ta fara tsinkewa. Haɗurran da muke ji a kogunanmu kowace damina galibi lodi fiye da kima ne da tafiyar dare da rashin rigar kariya suke jawo su, alhali jiragen katako ne manya. Ka biya kuɗin fito ku shiga kwalekwalen 'yan fito da rana, ka ƙirga mutanen da ke ciki kafin ka sa yaranka, idan ya cika ku jira sahu na gaba.